Ziyarar yini ɗaya zuwa duwatsu masu aman wuta: ina za mu nufa, kuma yaya ake shiryawa?

Malamin Gusau:

Assalamu alaikum. Mu 14 ne, malamai masu koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare na Gusau da Bunguɗu, maza 10, mata 4, kuma uku daga cikinmu sun haura shekara 50. Darasin duwatsu masu aman wuta daga hoton littafi muke koya wa yara shi, shi ya sa munka yanke shawarar tara kuɗi mu je mu gani da ido cikin hutun Disamba. Abin da muke so yini ɗaya ne a dawa tare da ɗan jagora, a fita da safe a dawo masauki kafin magariba. Ina ya fi dacewa? Ruwa da guzuri nawa za mu ɗauka? Bas mai kujera 18 za ta iya hanyar? Sannan wani abokin aikinmu ya ce ba sai mun yi nisa ba, wai Dutsen Kwatarkwashi ma aman wuta ne ya kafa shi. Masana, a taimaka muna.

Mai Ma'adinai:

Wa alaikumus salam, Malam. Kwatarkwashi ba dutsen aman wuta ba ne. Giranit ne, narkakken dutsen da ya daskare sannu a hankali can cikin ƙasa, daga baya zaizaya ta kwashe abin da ke bisansa ya bayyana. Shi ya sa idan ka fasa shi za ka ga ƙwayoyinsa manya, farare da baƙaƙe. Wanda ya fito ta aman wuta yana hucewa ne da sauri a sarari, ƙwayoyinsa ba sa samun lokacin girma, sai ya zama baƙi wuluk mai sumul, shi ake kira basal. Ku tafi da ɗan gutsuren Kwatarkwashi a aljihu don ku gwada su gefe da gefe, rabin darasin ke nan.

Manyan wuraren da ake samun duwatsun aman wuta a Najeriya sun haɗa da: tudun Jos, tudun Biu a kudancin Borno inda Tafkin Tila yake, da tudun Mambila a Taraba. Biu ku ajiye shi gefe saboda tsaro. Don yini ɗaya, yankin Kerang da Ampang West a ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato ya fi muku. Can duwatsun suke jere a layi ɗaya, kowanne da siffarsa, wasu bakinsu ya ɓalle ta gefe guda inda narkakken dutsen ya malala, kuma can Tafkin Pidong yake, ruwan da ya taru a cikin ramin bakin dutse. Ruwan kwalba na Swan daga maɓuɓɓugar Kerang ake ɗibarsa, dalili kuwa wannan irin dutse yana da kafofi, yana shanye ruwan sama ya tace shi ya fitar da shi a gindin tudu. Duk duwatsun nan sun daɗe shiru, tarihi bai rubuta aman ko ɗaya daga cikinsu ba. Hayaƙi ko wuta ba za ku gani ba, a gaya wa kowa tun daga gida don kada wani ya ce an yaudare shi.

Tafiyar kwana uku ce, ko da yake yini ɗaya za ku yi a dawa. Gusau zuwa Jos ta Funtuwa, Zariya, Pambeguwa da Saminaka ya ɗan haura kilomita 400, wannan yini guda ne. Kwana a Jos. Washegari ku bar Jos da ƙarfe 6:30, ku bi ta Bukuru da Barikin Ladi zuwa Mangu, kamar kilomita 75. Ku ba wa gaisuwar masu gari minti 30. Ƙafa ta fara aiki ƙarfe 9:00.

Lissafin tafiyar ƙafa ga mutanen da ba su saba ba: kilomita 3 a awa ɗaya, a ƙara minti 15 ga kowane mita 100 na hawa, a ƙara hutun minti 10 a kowace awa. Zagayen kilomita 6 mai hawan mita 200 zai ci awa 3 ke nan, kafin a sa lokacin tsayawa kallo da bayani, wanda ga malamai ba zai gaza awa ɗaya ba. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne lokacin juyowa. Ku tsayar da shi tun a mota: ƙarfe 1:00 na rana, duk inda aka kai, a juyo. A watan Disamba rana tana faɗuwa da ƙarfe 6 da 'yan mintoci, kuma kuna bukatar kasancewa cikin garin Jos kafin 5:30. Yawancin ɓacin irin wannan tafiya daga "saura kaɗan mu kai" yake farawa. Wannan kaɗan ɗin yakan ci awa guda, sai a sauko a gajiye ana sauri, sai wani ya gurɗe, sai dare ya riske ku a hanyar da ba ku sani ba.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Jikin waɗannan duwatsu lulluɓe yake da tsakuwa ja da baƙa mai huji-huji kamar soson wanka, ba ta da nauyi, tana mirginawa a ƙarƙashin ƙafa. A sauko a karkace, taki gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, dunduniya ta fara taka ƙasa. A bar tazarar mita 3 tsakanin mutum da mutum, kuma kada wani ya tsaya daidai ƙasan wani, don dutsen da na sama ya ture kan na ƙasa zai faɗa. Baƙin dutsen kuma gefensa yana yanka tafin hannu idan mutum ya dafa da ƙarfi. Kowa ya riƙe sanda mai kai wa ƙirji.

Ku duba cikin baƙin dutsen da kyau, wani lokaci za ku ga ƙwayoyi kore-kore masu sheƙi. Olibin ke nan, ma'adinin da ke nuna narkakken dutsen daga can ƙasa mai zurfi ya taso. Gilashin ƙara girma guda biyu da ƙaramar guduma ɗaya sun ishe ku, amma kada a fasa komai sai ɗan jagora ya ce babu laifi a wurin.

Baba Direba, Ƙauran Namoda:

Malam, bas ɗinku za ta kai ku Mangu lafiya lau tunda kwalta ce. In kunka bar kwalta kunka shiga hanyar ƙauye, nan maganar take. Bas mai kujera 18 cikinta kusa da ƙasa yake, dutse ɗaya ya bugi tukunyar baƙin mai, an gama. Cikin Disamba ƙasa ta bushe, ana lallaɓawa a wuce in direba ya sauke mutane a wuraren da sunka lalace. Da damina kuwa kada ma a fara, jar ƙasar wurin yumɓu ce, santsi gare ta, taya na juyawa mota na tsaye. Abin da na fi ba da shawara, a aje bas inda hanya mai kyau ta ƙare, a bar direba da yaron mota wurinta, sauran a ƙarasa da ƙafa ko da babura na mutanen garin.

Kafin ku bar Gusau a duba takalman birki da man birki, belin fanka, da robobin lagireto. Safaya biyu, ba ɗaya ba, da jak mai aiki da katakon da za a ɗora shi a kai. Hawan tudu da kaya shi ke sa inji ya tafasa. In allura ta hau, a tsaya, a buɗe bonet, kada a taɓa murfin lagireto sai ya huce kamar minti 30, ruwan da ke ciki yana iya saɓule fuskar mutum. Wajen gangara kuma a sa giya ta biyu inji ya riƙe mota. Direban da ya saba da filin Zamfara yakan danne birki tun daga sama har ƙasa, birki ya yi zafi, man ya tafasa, ya taka ya ji ƙafa ta lume babu komai. A cika tanki a Jos, kada a dogara da samun mai a gaba.

Sai hanyarmu ta gida. Tsakanin Gusau, Tsafe da Funtuwa kun san halin rashin tsaro da ake ciki. A fita bayan gari ya waye sosai motoci sun fara wucewa, a dawo da rana tsaka. Ranar komowa ku baro Jos da sassafe don kada la'asar sakaliya ta same ku wannan yankin.

Ɗan Zuru:

Ni dai, da girmamawa ga Mai Ma'adinai, in har za a tara kuɗi a yi tafiya, Mambila ce wurin zuwa. Duwatsun Mangu a tsakiyar gonakin dankalin Turawa suke, ba dawa ba ce ta sosai. Mambila tudu ne mai tsawon wajen mita 1,600, ciyawa iyakar ganinka, kwaruruka masu kurmi, ga gonar shayi a Kakara, ga dajin Ngel Nyaki da ake shiga da ƙafa daga ƙauyen Yelwa, ƙasa da awa guda, a yini a dawo. Tana kan layin duwatsun aman wuta na Kamaru, layin da ya taso daga tsibiran teku ya bi ta Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000. Kuma kusa da nan Chappal Waddi yake, mita 2,419, wuri mafi tsawo a ƙasar nan, cikin gandun dajin Gashaka Gumti.

Mai Ma'adinai:

Duk abin da ka faɗa haka yake, Ɗan Zuru, amma dubi abin da Malam ya nema. Daga Gusau zuwa Jalingo kwana biyu ne ga wanda ba zai yi tafiyar dare ba. Daga Jalingo ta Bali da Serti, a hau gangaren Mayo Selbe zuwa Nguroje ko Gembu, wani yini guda. Zuwa da dawowa kwana shida kafin a taka dawa. Chappal Waddi kuma ba tafiyar yini ɗaya ba ce, kwanaki ake yi da ƙafa, da izinin hukumar gandun da ke Serti da rakiyar ma'aikatanta. Sannan dutsen Mambila ya tsufa, zaizaya ta shafe siffarsa, ciyawa ta rufe. Malamin da ke son ya nuna wa yara hoto ya ce ga bakin dutse, ga inda ya malala, a Mangu zai same shi a fili. Mai mako biyu da mota mai jan taya huɗu, shi Mambila ta dace da shi.

Maman Hafsa, ma'aikaciyar jinya daga Argungu:

Yaya Malam, ga ɓangaren lafiya. Ruwa lita 3 ga kowane mutum. Ku 14, lita 42 ke nan, ledar ruwa 84, wato jaka 5 har da rara. Kowa ya ɗauki leda 4 a jakarsa ta goyo, 2 su jira shi a mota. Jarka mai lita 25 daban don alwala da lagireto. Sanyin tudu yana yaudara: mutum ba ya jin ƙishi, iskar hunturu kuma tana busar da gumi kafin a gan shi, sai ciwon kai da jiri su sauko da azahar. A sha rabin leda duk minti 30 ko ba a ji ƙishi ba. Wanda jiri ya kama, a zaunar da shi a inuwa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Guzuri ya zama mara nauyi wanda ba ya lalacewa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi kaɗan don yana jawo ƙishi, biredi, dafaffen ƙwai. A karya kumallo sosai kafin a bar Jos. Mai ciwon sukari kada ya sha maganinsa ya hau dutse da ciki wayam, ya ajiye dabino a aljihun riga inda hannu zai kai nan take. Su ukun da suka haura 50 a gwada hawan jininsu mako guda kafin tafiya. Duk wanda ƙirji ya riƙe masa ko numfashi ya gagare shi a kan hawa, ya tsaya nan, mutum biyu su zauna da shi, ba a ce masa daure. Ciwon da tsawon dutse ke kawowa ba zai dame ku ba, wannan sai an kai wajen mita 2,500, tudun Jos kuwa bai kai ko kusa ba.

Sanyi fa da gaske ne. Zafi yana raguwa wajen digiri 6 a kowane mita 1,000 na hawa, kuma asubahin Jos a Disamba yakan sauka kusa da digiri 10. Riga biyu marasa kauri da suwaita a sama sun fi babbar riga ɗaya, don da rana za a cire. Takalmi kambas mai kaushi a ƙasa, wanda aka riga aka saba da shi, da safa mai kauri. Sabon takalmi kanta yake fitarwa, silifas kuwa kada ya bar masauki. 'Yan'uwana mata, a sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, rigar ta tsaya a idon sawu, hijabi ya zama gajere ko a soke shi, don dogo yana kama iska da ƙaya, yana kuma rufe wa mutum inda zai taka.

Maciji yana son tsagar baƙin dutse saboda ɗuminsa. Kada a cusa hannu inda ido bai gani ba, kada a zauna kan tarin duwatsu sai an bubbuga da sanda. In tsautsayi ya faɗa: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau da igiya, ba a ɓata lokaci kan dutsen maciji. A cire zobe da agogo, a ɗaure ƙafar a jikin sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi ɗauka zuwa mota. Tun a Mangu ku tambayi asibitin da ke da allurar dafin maciji a wannan makon, don ba kullum ake samunta ko'ina ba. A akwatin magani a sa bandeji mai naɗewa 4, filasta, auduga, aidin, farasitamol, da man shafawa na leɓe.

Malamin Gusau:

Allah ya saka muku da alheri. Maganar tafkin ta tsaya mini a rai. Mun karanta abin da ya faru a Tafkin Nyos, ko akwai irin wannan haɗarin in munka kusanci Pidong? Kuma ta yaya za mu gane ɗan jagora na ƙwarai?

Mai Ma'adinai:

Abin da ya faru a Nyos da ke Kamaru ranar 21 ga Agusta 1986 shi ne, iskar kabon da ke tsattsafowa daga ƙasa ta daɗe tana narkewa a gindin tafkin, wanda zurfinsa ya kai wajen mita 200, nauyin ruwan sama yana danne ta. Rana ɗaya ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta kashe mutum 1,746 da dabbobi dubbai. Kafin nan Tafkin Monoun ya kashe mutum 37 a 1984. Daga 2001 aka fara sa bututu a Nyos don fitar da iskar a hankali. Zurfi mai yawa shi ne sharaɗin wannan bala'i. Pidong ƙaramin tafki ne, mutane na noma kewaye da shi. Haɗarin da ke gabanku a can shi ne gangaren bakinsa: tafkin ramin dutse ba ya zurfafa sannu-sannu irin gulbi, taki biyu daga baki ƙasa tana iya ɓacewa. Ba wanka, ba alwala a baki, ba sha. Dokar da ta shafi kowane yankin aman wuta kuma ita ce kada a sauka cikin rami ko kogon da iska ba ta ratsa shi, musamman in an ga matattun tsuntsaye ko ƙwari a gindinsa.

Malam Na Talata:

Batun ɗan jagora, mutum biyu kuke bukata, aikinsu daban. Ɗaya mai ilimin duwatsu, ku rubuta wa sashen nazarin ƙasa da ma'adinai na Jami'ar Jos wasiƙa da sunan ƙungiyarku tun wata guda kafin tafiya, suna kai ɗalibansu wannan yankin. Na biyu ɗan garin, wanda mai gari da kansa ya haɗa ku da shi, ba wanda ya tare ku a tasha ba. Ƙasar ƙabilar Mwaghavul ce, suna jin Hausa, amma ɗan gari ne ya san gonar da ba a ratsawa, da wurin da suke girmamawa wanda baƙo ba ya taka shi ko ɗaukar hotonsa. A nemi izini kafin a ɗaga waya, a tafki ne ko kan mutane.

Ku gwada shi da tambaya huɗu kafin a tashi. Yaushe rabonsa da hawa wannan hanyar? In wani ya gurɗe a sama, ta ina babur zai fi kusantowa? A ina sabis ɗin waya yake ɗaukewa? Awa nawa tsoho zai yi ya kai ya dawo? Wanda ya amsa duka da "ba matsala" bai san hanyar ba, ko kuma yana gaya muku abin da kuke son ji. A yanke kuɗinsa a gaban mai gari, rabi kafin tashi, rabi bayan an dawo mota. Shi a gaba, wanda ya fi kowa rauni a bayansa don shi ne ma'aunin saurin tafiya, mai ƙarfi ɗaya daga cikinku a ƙarshe da usur. A ƙirga kawuna duk inda aka huta. Wanda zai kewaya ya faɗa, a jira shi.

Maganar tsaro kuma ba ta wasa ba ce. Mangu ta ga rikici mai tsanani a 2023 da farkon 2024, kuma a Yunin 2025 an kashe matafiya daga Zariya da suka ɓata hanya a wannan ƙaramar hukumar. Don haka ɗan jagoran garin ya same ku tun a cikin Mangu ya shiga motarku, kada ku shiga hanyar ƙauye kuna tambayar mutane ko kuna bin taswirar waya. Ku biya ofishin 'yan sanda na Mangu ku ajiye takarda mai sunayenku, lambar mota, inda za ku da lokacin dawowa. Kowa da katin shaidar aikinsa, shugaban tafiya da wasiƙar ƙungiya. Ku kira ɗan jagoran garin kwana uku kafin tafiya, ku sake kira daren da kunka kwana Jos. In an ce gari ba lafiya, ko ana zaman makoki, ku fasa. Ku riƙe tsari na biyu a hannu: duwatsun Shere da ke gefen Jos, masu kai mita 1,829. Giranit ne su ma, amma yinin ba zai tafi a banza ba.

Salla: ku matafiya ne, kasaru ta hau kanku. Ku yi azahar a gindin dutse bayan an sauko, kusa da mota inda jarkar alwala take, ku tambayi ɗan jagora inda ya dace ku shimfiɗa tabarma.

Baba Direba, Ƙauran Namoda:

Abu ɗaya da ba a taɓo ba, hazo. Ƙarshen Disamba in hunturu ya kankama, kana bisa dutse ba ka hango na kusa da shi, jerin da kunka zo gani ya ɓace cikin ƙura. In kuna da iko ku matso da tafiyar farkon hutu, ko ma wata Asabar cikin Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, sama garau. Kada dai ku kai ta Afrilu zuwa Oktoba, don hadarin tudu da rana yake haɗuwa cikin minti kaɗan, kuma mai tsaye bisa dutse shi aradu ke nema. In kunka ga walƙiya kunka ji tsawa kafin ku ƙirga 30, ku sauka nan take, ku shiga mota ku rufe gilashi, kada a fake ƙarƙashin itace. Tocila 4 da sabon batir su shiga jaka ko da kun tabbata za ku dawo da rana.